Matakala Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Garinmu akushi ne da ya fashe ta gefe guda,
ta wannan fashin Bahar Aswad ke leƙo mu.
Duwatsu uku sun dafa mana kafaɗa ta baya,
gidaje sun haye su kamar awaki,
jan rufi bisa jan rufi.

Ni ne Rifat mai kai kwal gida-gida.
A gindin gari nake, bayan tashar jiragen ruwa,
inda ƙarnin kifi da warin man inji suka daɗe da sabawa.

Lokacin zafi ba mu da ƙorafi.
Hantsi na yi, dutse ya ɗau ɗumi,
sai teku ta aiko iska ta bi lungu-lungu tana hawa,
ta kwashe hayaƙin motoci,
ta kaɗa shanyar Sabahat a igiya.
Da dare ta juyo da ƙamshin gonakin shayi.
Gari na shaƙa da rana, yana fitarwa da dare,
kamar mai barcin da ba a binsa bashi.
A watannin nan aljihuna ne kaɗai ke haki.

Sai Disamba.
Sanyi mai nauyi ya gangaro daga tsauni cikin dare,
ya kwanta a ƙasan akushi, ya ƙi tashi.
Iska mai ɗumi ta zauna a kansa, ta zama murfi.
Teku ta yi lamo, ko tutar jirgi ba ta motsi.
Kowane murhu ya kama,
hayaƙi ya miƙe kamu goma, ya bugi murfi,
ya sunkuyar da kai, ya dawo mana ta taga.

Kwana huɗu ke nan.
Fitilun titi sun yi rawanin ƙura-ƙura,
miyau ya yi ɗanɗanon ashana.

Gulizar, shekararta bakwai.
Ƙirjinta na busa siririyar sarewa
wadda ba wanda ya koya mata.
Abin shaƙarta ya kusa ƙarewa, mun girgiza, mun ji.
Sabahat ba ta ce mini komai ba,
ta dai dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcena,
ta miƙo mini bargo.

Na goya ta.
Daga ƙofarmu zuwa gidan mahaifiyata
matakala ɗari biyu da sha huɗu ne,
ita ke ƙirgawa a da, yau ni ne.
Talatin, gidan burodi: buhu shida na kai musu Litinin.
Saba'in, gidan malamar makaranta: biyu, bashi.
Ɗari da goma, na tsaya, gwiwa na rawa,
tarinta na dukan bayana kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa.

Wajen ɗari da sittin kanmu ya huda murfin.
Taurari, tsaf, kamar an wanke su.
Iska ta shiga hanci da kaifin sabuwar wuƙa.
Ta ce, "Baba, ina garin?"
Na juya da ita.
Ba gari, sai tafki mai ruwan toka,
hasumiyar masallaci ta fito daga ciki har wuya,
fitilu na ƙyafta ido a ƙasa kamar kifaye.
Na san buhun da ya haifi kowane zare na hayaƙin nan.

Tsohuwa ta buɗe tun kafin mu buga.
Ta ce ƙafarta ta gaya mata
jibi iskar arewa za ta taso, da ruwa,
ta yaye murfin, ta wanke gari har ƙofar kasuwa.
Ƙafarta kan yi ƙarya wani lokaci.

Sarewar ta yi shiru kafin asuba.
Na sha shayi a tsaye, na ɗaura igiyar takalmi.
Mutum goma sha ɗaya ke jiran kwal yau,
su ma da 'ya'ya, su ma sanyi na cinsu.
Na fara sauka.
A ɗari da sittin na cika ƙirji,
na riƙe, iya yadda zan iya.